Zuwa Ga Baba SSH, Maigadin Ƙofa Ta 22

Ya aikin gadi?

Baba, ƙorafi na kawo. Shekara da shekaru ina zaune a ɗakina ina shiga sabar nan da ke wata uwa duniya, na miƙa maka mukullina na RSA, ka buɗe ba gardama. Daga ɗaga manhajar gidan daga Ubuntu 20.04 zuwa 22.04, sai ka yi kamar ba ka taɓa ganina ba. Tsohuwar PuTTY ɗina, manhajar da nake shiga da ita, ta dawo mini da saƙo guntu, wai sabar ta ƙi mukullinmu. Ko uffan ba ka ƙara ba.

Daga baya na ji labari. Ashe tun OpenSSH 8.8, a Satumbar 2021, aka hana ka karɓar sa hannun RSA da aka yi da SHA-1, sabuwar manhajar kuwa da 8.9 ta zo. Ban ga laifinka a nan ba. Tun 2017 masu bincike na Google da cibiyar CWI ta Amsterdam suka fito da takardu biyu daban masu tambarin SHA-1 iri ɗaya, kuma tambarin da za a iya ƙirƙira ai bai kamata a buɗe masa ƙofa ba. Mukullina lafiyarsa lau, sa hannun ne ya tsufa.

Amma Baba, don Allah ina ka rubuta dalilin korata? A cikin auth.log. Shi kuma auth.log yana ina? Cikin gidan da ka hana ni shiga! Shiga da kalmar sirri kuwa na daɗe da rufe ta, bisa shawarar masana. Wani ya ce na ƙara layin +ssh-rsa a sshd_config. Na ce madalla, ta wace taga?

Allah ya taimake ni, PuTTY daga 0.75 ta iya sa hannu da SHA-2. Na sauke sabuwa, na miƙa wancan mukullin dai, ka buɗe kana wani basarwa.

Yanzu na yanka sabon mukulli na Ed25519. Kafin ɗagawa ta gaba kuma zan bar zama ɗaya a buɗe har sai na gwada shiga da na biyu, domin an ce daga 22.10 systemd ke riƙe maka ƙofar, kai sai an ƙwanƙwasa ake tashinka.

A gaishe mini da SFTP.

Naka,
Mai tsohon mukulli