Ƴan dabon gindin bedi

Da dokar ta-ɓaci ta 2015 ta hana hawan moto a jihar Diffa, samarin da suka saba kabu-kabu tsakanin Geskeru da cikin gari sai suka wayi gari ga hannuwa, ba abin riƙewa. Wasu suka koma gonar tattasai a bakin Komadugu, wasu suka duƙufa kan dara da belot. Mu kuwa a fadarmu ta gindin bedi, wani ne ya zo da bidiyo a salula: Bature ya riƙe kwabo, ya hura masa iska, kwabo ya ce ɗauke ni inda ka ajiye. Tun daga ranar shayinmu ya fara ƙonewa a kan gawayi, don kowa ya koma jujjuya dala ashirin a tafin hannu.

Na farkon da ya bayyana shi ne Mai Tara Kaya. Salularsa ta cika da bidiyo har ba wurin hoton ɗansa. Ya sayi sabuwar karta da jan hankici, ya ba tela ɗinkin riga mai faɗin hannu, amma ko dabo ɗaya bai iya ba. Kullum sai "bari in gama haɗa kaya". Kishiyarsa Sarkin Gaggawa, ya ga abu da hantsi, la'asar ta yi ya tara yaran unguwa. Kwabon ya suɓuce daga tsakanin yatsunsa, tsulum cikin kofin shayi. Har yau in ya wuce yara na bin shi da "Kawu, a sake na shayin!"

Amma wanda na fi shan wahalarsa, kuma ba na son ranar da bai zo ba, shi ne Mai Neman Asiri. Shi dai bai yarda cewa aikin hannu ne ba. Ka zaunar da shi, ka nuna masa a hankali: ga kwabo tsakanin babban yatsa da manuni na hagu, dama ta zo kamar za ta ɗauka, sai ka sake shi ya faɗa tafin hagun, idonka kuma ya bi damar da ba komai a cikinta. Ya kalla, ya gyaɗa kai. Sai an watse ya ja ka bayan katanga, ya rage murya: "Yaya, tsakaninka da Allah, wa ya ba ka?" Ka rantse, ya yi murmushin wanda ya san manya ba sa faɗi a karon farko. Washegari ga goro. Bayan mako ga jan zakara. Ƙugunsa kuwa guru ne bisa guru. Ya bi ƴan tauri, ya bi gardi mai maciji, an taɓa aikensa neman gashin baƙar mage ya dawo da karce har a kunne.

Wata rana na ce bari in gama da shi da lissafi. Na ƙirga karta 21 daga cikin 32 na belot, na shimfiɗa layi uku, bakwai-bakwai. Na zaɓi ɗaya a zuci, na ce masa ni zan faɗi layin da take, shi kuma ya tattara, ya sa wannan layin a tsakiya, ya sake rabawa. Sau uku ke nan, sannan ya ƙirga ta goma sha ɗaya. Daga nan da hannunsa ya yi komai, ban sake taɓawa ba. Ya juya ta goma sha ɗaya, na ce ita ce. Sai ya watsar da kartar, ya dubi tafinsa, jiki na ɓari: "Ashe ɗazu da muka gaisa ka zuba mini shi!"

Ba na cika yi masa dariya ba, don gwamnati guda ta taɓa dogara da irin tunaninsa. A 1856 Faransa ta tura ɗan dabonta Robert-Houdin zuwa Aljeriya, ya nuna wa shugabannin ƙabilu cewa asirin Nasara ya fi na malamansu. Ya ajiye ɗan akwatin da ko yaro zai ɗauka, ƙato ya zo ya yi ta nishi ya kasa ɗaga shi. Gindin akwatin ƙarfe ne, a ƙarƙashin dandamali kuma akwai maganaɗisu mai aiki da lantarki. Na ba mutumina wannan labari tiryan-tiryan. Ya yi shiru, can ya ce, "To shi maganaɗisun, da me ake jiƙa shi?"

Sauran ba sa buƙatar dogon bayani. Akwai Mai Fasa Ƙwai, da shi ma ɗan koyo ne, amma kana ɗaga hannu zai ce "yana hagu!" Akwai Ustaz, mai a'uziyya da cewa sihiri ne, wanda ba ya tashi sai ya ga ta inda kwabon zai fito. Akwai kuma Rabin Gwani. A nan naira da sefa duk suna tafiya, amma naira ba ta da kwabon da ake kashewa, saboda haka sai ya ari dala ɗari a wurinka. Ɓatarwa ya ƙware. Maidowa ce har yanzu yake koyo.

Mutum ɗaya ne ba na sa shi cikin raha. A cikinmu ya koya, kuma duk ya fi mu hannu. Na tarar da shi wata Talata a gefen kasuwar Diffa, karta uku bisa kwali, abokan shirinsa biyu suna ta "ci" don jan mutane. Wala-wala ke nan, ba wani suna. Wanda ya faɗa hannunsu dattijo ne da ya sayar da buhunan tattasai da safen nan, tattasan da ya yi wata da watanni yana ba ruwa da inji, man ma bashi ne. Ina tsaye dattijon ya zazzage aljihu, ya sake zazzagewa, ya rasa ko kuɗin motar komawa ƙauye. Da dare ɗan wala-walan ya zo fada yana cewa ai wasa ne, wa ya tilasta shi? Mai dafa shayi ya zagaya da kofi, ya tsallake shi. Na biyu ma haka. Bai tsaya na uku ba.

Akwai dai wani iri da na bari a baya, mai madubi a ɗaka, wanda ya san shekarar da aka kashe Farfesa Peller a Ibadan (1997), yake gyara wa kowa riƙon kwabo, amma in ido ya yi masa yawa tafinsa sai gumi. Shekaru ke nan yana kan dabo ɗaya. Jiya ya ce bari ya gwada a gida, inda ake ganin girmansa. Ya hura, ya buɗe dama, wayam. Ƴarsa mai shekara shida ta duba, ta ce, "Baba, in ka gama, Inna ta ce ka ba ni dala ashirin ɗin da ke hannun hagu, za a sayo magi." Na ba ta.