Allah Ya Ja Zamanin Aku Mai Cin Batir

Duk wanda motarsa ta tsaya a Kwanar Dangora ana jajibirin salla, daidai inda hanyar Tudun Wada da Doguwa ta rabu da babban titin Kano zuwa Zariya, ya ga baƙon nan mai alfarma. Yana hakimce a kan faranti, tsakanin tabarau na roba da bindigar ruwa, an naɗa masa leda mai ƙyalli. Yau ya zo da kamar 'yar tsana mai shuɗin ido, gobe wayar wasa, jibi allon karatu mai maɓallai. Ka taɓa cikinsa ya yi magana. Ranka ya daɗe! Aku mai cin batir, fasihin da bai taɓa durƙusawa gaban malami ba, mai amsa tun ba a tambaye shi ba, baƙon da ya yi shekara da shekaru yana zuwa garin mutane, girmansa bai bari ya koyi sannu ba.

Ba a yabon basarake a tsallake kakanninsa. A 1890 Thomas Edison na Amurka ya fito da 'yar tsana mai magana, da ɗan ƙaramin garmaho a ƙirjinta da faifan kakin zuma, ana juya shi da hannu ta bayanta. Muryar da ta fito ta kasance mai kwarjinin da yara suka riƙa ja da baya, faifan kuma ba ya jure juyi, cikin 'yan makonni aka janye ta daga kasuwa. Wane jarumi ne ya taɓa watsa taron yara da murya kaɗai, ya gama aikinsa cikin makonni, ya koma gida ya huta? Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Toron gidan ya bayyana a watan Yuni na 1978, lokacin da kamfanin Texas Instruments ya nuna wani jan akwati mai suna Speak & Spell a Chicago, a kan dala 50. Injiniyoyi huɗu, Paul Breedlove da Richard Wiggins da Larry Brantingham da Gene Frantz, suka ga adana muryar mutum ɗungum ya fi ƙarfin ɗan wurin da suke da shi, sai suka siffanta maƙogwaro da lissafi. Ga wani zuuu mai tsayawa a matsayin rawar maƙoshi, ga wani shuuu na haruffa irin su s da f, sai a bi da su ta matatar sauti mai hawa goma wadda ke kwaikwayon baki da harshe. Abin da ya fito murya ce ta wanda mura ta kama yana magana daga cikin tulu. Batir huɗu manya yake ci, kalmomi wajen 200 ya sani. Dubi tawali'u! Bargery ya ɓata shekaru yana bin ƙasar Hausa, ya tara kalmomi kimanin 39,000 ya buga a ƙamusunsa na 1934, alhali ga gwani ya nuna da 200 ma ana zama malamin yara. Daga baya akwatin ya koyi Faransanci da Jamusanci da Italiyanci. A fim ɗin E.T. na 1982 har wata halitta daga wata duniyar ta haɗa na'urar kiran gida da shi, ta sami biyan bukata. Ɗan Kiru kuwa aka karrama shi da jiran ranar da akwatin zai koyi Hausa, domin haƙuri ado ne, kuma ba kowa ake ba shi ba.

Sai dai a ganina babban gwanin zuriyar shi ne ɗan guntun nan na kamfanin General Instrument, SP0256-AL2, wanda aka riƙa sakawa a akwatunan da ake maƙala wa kwamfutocin gida irin su ZX Spectrum da Commodore 64 a farkon shekarun 1980. Sautuka 59 aka ɗura masa da shiru iri biyar, duka na Ingilishi, ka jera su yadda ka ga dama ya furta. Alƙali adali, mai raba gardama, wanda kowa ɗaya ne a gabansa! Mu mun daɗe muna wahalar da kanmu da ƙugiya: wai ƙura daban kura daban, ƙarya daban karya daban, ɓari daban bari daban. A fadarsa an soke wannan wariya. Ka ce masa ƙura ta taso a kan hanyar Falgore, ya sanar da jama'a kura ta taso, kowa ya kama gabansa, wanda hakan ma ya fi zama riga-kafi. Karin sauti kuwa, wannan hawa da saukar murya da Bahaushe ya ɗora rabin ma'anarsa a kai, bajimin ya ɗauke mana nauyinsa baki ɗaya. Muryarsa miƙe take kamar titin kwalta. Kukan jariri da kukar miya duk kuka ne. Wuyan riga da wuyar duniya duk wuya ce. Manomin Bebeji ya ji an ce fari, bai san ko alkyabba ake yabo ko ruwan sama ne ya ɗauke ba, ya kwana da kwanciyar hankalin wanda bai fahimta ba. Wace rahama ta fi wannan?

A Ingila ma an yi abin a yaba. Da kamfanin Acorn ya so kwamfutar BBC Micro ta yi magana, muryar Kenneth Kendall aka ɗauka, mai karanta labarai a talabijin. Tun 1957 akwai masu karanta labarai da Hausa a BBC, amma aka tausaya musu, ba a ɗora musu wannan ɗawainiya ba.

Jikokin da ke sauka a Kwanar Dangora sun ma zarce kakanni. Su ba ruwansu da lissafin maƙogwaro, an naɗi 'yan kalmomi an rufe a ƙarƙashin ɗigon baƙin ƙaro, an haɗa da lasifika mai faɗin kwabo. Daga masana'antun Sin suka hau jirgin ruwa, suka hau tirela, suka ratso kasuwannin Kano, duk don su faɗa wa 'yar shekara uku abu guda da harshen da uwarta ba ta ji. Kuma ba sa canja magana. Ka danna sau ɗari, sau ɗari za ka ji abin da ka ji da fari. Ina dattijon da ya kai su tsayawa a kan magana ɗaya?

A kwatanta da kaka, a ga bambanci. Ita tana tari, tana gyangyaɗi, tana tsayawa tsakiyar tatsuniya ta tambayi yaro me ya sa Gizo ya yi haka, ta jira amsa. Tana sauya murya in ta zo kan Ƙoƙi, tana gyara wa yaro harshe in ya karkace, har ta kan san yau ransa a ɓace yake ta canja labari. Duk wannan ɓata lokaci ne da aku ya yaye mana. Shi ba ya sauraro, saboda haka ba ya kuskuren ji. Ba ya fahimta, saboda haka ba a taɓa kama shi da mummunar fahimta ba. Ga kuma abin kunyar da ya rufa mana: da can yaro ya kan tsinci kara a bayan gida ya fere motarsa, yarinya ta ɗinka wa 'yar tsanarta zane da ƙyalle, ita ce za ta yi mata magana da bakinta, ta yi mata suna, ta aurar da ita. Yanzu an hutar da hannu, an hutar da baki, an bar wa babban yatsa aikin duka.

Sannan ga zuhudu. Uba ya sayar da kwanon shinkafar Tudun Wada ya sayo shi da yamma, ya yi wa'azinsa da safiyar salla, kafin a yi hawan Daushe a birni murya ta fara ja kamar ta mai barin wasiyya, washegari ya yi shiru. Ya san duniya ba matabbata ba ce, bai yarda ya saba da ita ba, kuma ya koya wa yaro rashi tun yana ƙarami.

Kyautarsa kuwa ba ta misaltuwa. Da yawa murfin batirinsu ba ƙusa, farcen yaro ma ya isa. A ciki ga 'yan batura masu sheƙi, kewayayyu, daidai bakin mai rarrafe, kamar an auna. Likitoci sun ce irin wannan in ya maƙale a maƙoshi yana iya ƙona nama cikin awa biyu. An kuwa rubuta gargaɗi a jikin kwali, da Ingilishi, da ƙananan haruffa, don kada a tayar wa uwa hankali ranar farin ciki. Ladabi ke nan na 'ya'yan manyan gida, ba sa faɗa wa mutum baƙar magana da harshensa.

Ko a mutuwa bai daina hidima ba. Ya bi shara zuwa juji, a cinna masa wuta ya turara unguwa da hayaƙin roba, abin da ya rage a kwashe da toka da kashin awaki a kai gona da sunan taki. Can wajen Doguwa, ruwa ya sauka, masara ta tsiro, manomi ya zo noman fari, fartanyarsa ta tono kan 'yar tsana, ido ɗaya a buɗe, batirin yana narkewa a gindin shuka. Ya ɗaga ya duba, ya jefa kan iyaka, ya ci gaba da kunyarsa.

Allah ya ja zamaninka, aku. Allah ya kai mu babbar salla, masu faranti sun riga sun share maka wuri.