Yadda Za Ka Ƙawata Falonka a Chagoua Ba Tare da Ka Ɓata da Ƙura Ba

Duk shekara idan watan Afrilu ya kama, masu zana kayan ɗaki da attajiran da ke saye sukan yi dafifi a birnin Milan na Italiya, wajen baje kolin Salone del Mobile da aka fara tun 1961. A can ake yanke wa duniya irin kujerar da za ta zauna a kai. A watan ne kuma zafin N'Djamena ke haura digiri 40, har kujerar ƙarfe ta gagari zama. Ban ji an aiko wa unguwar Chagoua da goron gayyata ba, amma hukuncin yana iske mu ta Facebook da TikTok, uwargida ta gani ta ce ita ma ba za a bar ta a baya ba. To maigida, gyara zama ka ji yadda ake bin yayi a gaɓar Kogin Shari ba tare da an sayar da babur ba.

Fara da launi. Akwai wani kamfani a Amurka, Pantone, da ya ɗora wa kansa zaɓar wa duniya launin shekara. Domin shekarar 2025 ya zaɓi ruwan ƙasa, ya raɗa masa Mocha Mousse. Shekarar ce kaɗai aka yi mana adalci, don duk wanda ya bar tagarsa a buɗe daga Disamba zuwa Fabrairu ya samu launin kyauta, a bango, a labule, har a gashin ido. Kuma kada ka raina ƙurar nan, 'yar babban gida ce. Daga kwarin Bodélé take tasowa, can arewa wajen Faya, inda tsohon Tafkin Chadi ya ƙafe ya bar gari, kuma masana sun ce babu wani wuri guda a duniya da ya kai shi tayar da ƙura. Tekun Atlantika ma tsallake shi take yi ta je ta zama taki a dajin Amazon. Abin da teku bai tare ba, labulenka ne zai tare?

Sai ga kamfanin ya juya ya ce fari ne launin 2026. Yi kamar ba ka ji ba. In kuwa Hajiya ta kafe sai farar kujera, saya mata, amma da sharaɗin ba za a cire ledar da ta zo da ita ba sai ranar auren autar gidan. Ledar nan tana da fa'ida biyu. Tana kare kushin, sannan baƙon da ya zauna a kanta da azahar a watan Afrilu ba zai jira tukunyar shayi ta biyu ba, da kansa zai tuna yana da wani uzuri a kasuwar Dembé.

Yanzu sai babban yayi, wato rage kaya. Masu yayi sun haɗa tsarin Japan da na mutanen arewacin Turai suka kira shi Japandi: ɗaki fayau, kujera ɗaya, ɗan tebur, sai busasshen reshe a cikin tulu. Har akwai wata baiwar Allah 'yar Japan, Marie Kondo, da ta yi suna a Netflix a 2019 da koyar da mutane su ɗauki kayansu ɗaya bayan ɗaya, wanda bai faranta musu rai ba su yi masa godiya su fitar da shi. Ina roƙonka da girman Allah kada ka gwada wannan a gidan aure. Kayan falo ba naka ba ne. Iyayenta ne suka yi adashi suka sayar da tumaki suka jera mata, kuma surukarka ta san adadin kowane kwano. Ranar da ka yi wa kula ɗaya godiya ka fitar da ita, ranar za ka san yawan dangin matarka.

Ban da haka, falon da babu kaya magana yake jawowa. Maƙwabci ya leƙo ya ga wayam, ba zai ce ka waye ba. Zai koma gida ya ce ko dai ɓarayi sun shiga, ko mai bin bashi ya zo, ko kuma matar ta yi yaji ta kwashe nata. Kafin la'asar an fara zuwa maka jaje. Wuri ɗaya ne wannan salon yake da rana: gwauron da bai mallaki komai ba sai katifa da buta. Shi kam daga yau ya daina jin kunya, in abokai sun zo ya ce musu tsarin Japan yake bi.

Ga wanda yake son zaman lafiya, akwai ɗaya yayin, na cika ɗaki maƙil da launi a kan launi. Wannan kuwa babu wanda zai koya mana. Tun kafin a haifi masu mujallun kayan ɗaki, amaryar Hausa tana da jere: faya-fayi a bango, ƙore masu zane, daga baya tasoshi da kwanukan samira aka ɗora su har suna taɓa rufi. Zamani ya zo aka koma kabet mai gilashi cike da tangaran. Dokar ba ta canja ba: abin da ke cikin kabet na gani ne, ba na cin tuwo ba. Yaron da ya buɗe shi ya ɗauki kofi ya sha ruwa, ya yi kuka da kansa. A bango kuma kowa da abin da yake ratayawa, tunda Chagoua unguwa ce ta kowa da kowa. Wani Ayatul Kursiyyu cikin firem mai ruwan zinariya, maƙwabcinsa gicciye da hoton ranar ɗaurin aure a coci. Abin da suka yi tarayya a kai shi ne agogon da ya tsaya shekara uku da kalandar da ba a sauke ba don hotonta ya yi kyau. Bar su yadda suke. Tsohon kaya ma yayi ne yanzu.

Inda abin ya fi ba ni dariya shi ne bango. Yau a Turai da Amurka masu hali suna biyan kuɗi mai kauri a yi musu yaɓen ƙasa ko na farar ƙasa a falo, a bar shi da shatin hannun magini, wai ya fi sanyi kuma bango yana numfashi. Sannu da ganowa! Mu nan mun rushe ginin ƙasa, mun tayar da na siminti, mun ɗora kwano a kai ba silin, sannan muka shiga muna gasuwa muna cewa mun ci gaba. A 2022 aka ba Francis Kéré, ɗan Burkina Faso, kyautar Pritzker, wadda ita ce mafi girma a duniyar zanen gini, kuma abin da ya fito da shi makarantar firamare ce da ya gina da tubalin ƙasa a ƙauyensu Gando. Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya da ƙasa tun ƙarni na 19, da bakan-gizon da har yau masu karatun gini ke zuwa kallo. Mu ma ba sai mun yi nisa ba. Gaoui tana nan kusa da gari, ƙauyen Kotoko masu danganta kansu da mutanen Sao, inda mata ke zana bangon gidaje da ƙasa mai launi, suna kuma gina tukwane da randuna, tsohuwar fadar sarki ma an mai da ita gidan tarihi.

Saboda haka ga dabara. Hau clando, wato acaba, ka je Gaoui, ka sayo tulu biyu da randa ɗaya. Ajiye tulunan a kusurwar falo, kada ka zuba musu komai, don tulun da ke da ruwa na talaka ne, wanda babu komai a ciki kuwa ado ne. In baƙo ya tambayi inda ka samo, ka ɗan yi shiru, ka ce aikin hannu ne, oda aka yi. Ba ka yi ƙarya ba. Randar kuwa kai ta bayan ƙofa ka cika ta, ita ce firjin da ba ruwansa da ɗauke wuta.

Kujera fa? Ta bana mai lanƙwasa ce, ba kusurwa, an lulluɓe ta da yadi mai gashi-gashi kamar bayan tunkiya, wanda in ƙura ta shige shi sai dai a haƙura. In ta waje kake so, daga Dubai ko Turkiyya ko Sin, ka tuna Chadi ba ta da teku. Za ta sauka a Douala, ta ratsa Kamaru ta Ngaoundéré tafiyar fiye da kilomita 1,500, ta iso Kusseri, ta haye gadar Nguéli, ta gaisa da 'yan kwastan gaisuwa mai tsawo, sannan a ɗora ta a amalanke zuwa ƙofar gidanka. A nan ne za a gano ta fi ƙofar faɗi. Ka tanadi birkila tun da wuri.

Hanya ta biyu ita ce kafintan bakin titi. Nuna masa hoton a waya. Zai kalla sau ɗaya ya ce wannan ai ƙaramin aiki ne, ka dawo jibi. Kada ka tambaye shi wace jibin. Ranar da ya gama, abin da za ka gani ba zai yi kama da hoton ba, amma zai yi nauyin da ƙarti huɗu ne ke ɗaga shi, kuma jikokinka za su gaje shi. Ni dai ina bayan kafinta, ko ba komai in ƙafa ta karye ka san inda za ka same shi.

Sai dai nauyin nan yana da illa, kuma a nan zan ɗan rage wasa. Duk wanda ya ga Oktoban 2022, lokacin da Shari da Logone suka cika suka tumbatsa, mutanen unguwar Walia da ke ƙetaren Shari suka kwana a sansani da abin da suka iya ɗauka a ka, sannan ruwan ya sake dawowa a 2024, ya san cewa a wannan yanki kogi yana da ƙuri'a a tsarin ɗaki. Ko kogin bai zo ba, ruwan Agusta ya ishi lungu ya zama tafki. Ba a fafe gora ranar tafiya. Zaɓi kujera mai dogayen ƙafafu, kafet ɗin da yaro ɗaya zai naɗe ya saɓa, talabijin kuma a kafe ta can sama. In kujerar gajera ce, sa mata bulo biyu-biyu a ƙarƙashi, ka shafa musu fenti. Wanda ya yi magana ka ce haka ake yi yanzu.

Zama a ƙasa ma ya dawo yayi, su shimfiɗa, su tumtum, su matasai jingine da bango. Larabawan Chadi da Barebari da mu kanmu ba mu taɓa tashi daga ƙasan ba balle a ce mun dawo. Ka shimfiɗa tabarmar kaba, ka ɗora darduma, falon da kujera ke ɗaukar mutum bakwai sai ya ɗauki ashirin ranar suna.

Batun haske kuwa, 'yan zamani sun ce fitila ɗaya a tsakiyar rufi ƙauyanci ne. Sai an yi hawa-hawa: wata a silin, wata a ɓoye bayan talabijin tana canja launi, wata kuma da baki ake kunna ta. Madalla. A ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin goma ne ke da lantarki, mu ma da baki muke kunna tamu: "Kai, ɗauko cocilan!" Ka sayi babbar fitilar ƙarau mai reto, ba laifi, amma ka sani da rana ake kallonta. Ka kuma rataye ta nesa da fanka, kada ranar da aka kawo wuta ba zato su yi karo. Ainihin kayan adon falon Chagoua su ne farantin sola a kan rufi, batir a ƙarƙashin tebur da aka rufe da ƙyalle mai aiki, da soket mai baki shida. Wannan soket ɗin shi ke tara maka jama'a. Mai wurin cajin waya ba ya rasa masu gaisuwa, wasu har su tambayi lafiyar kakarka da ta rasu tun garin yana Fort-Lamy.

Sun ce kuma a shigo da daji cikin ɗaki, a cika falo da shuke-shuke. Ka gwada, akuyar maƙwabci za ta yi maka godiya, sauron bakin kogi kuma ya samu masauki. Wanda dorina ke iyo a bayan unguwarsu ba ya ƙishirwar daji. Furen roba ya wadatar, a riƙa wanke shi duk Juma'a.

Abu ɗaya ne ba zan ba da shawara a kai ba, shi ne ƙamshi. Can Turai suna sayen kyandir mai tsada da 'yar na'urar fesa turare. Nan kuwa garwashi biyu a kasko da turaren wuta haɗin matan Chadi, wanda matan Kano da Maiduguri ke yin sautu a kawo musu tare da humra, ya isa ya sa baƙo ya manta bangon bai ga fenti ba tun ranar tarewa. Maigida, wannan fagen uwargida ne, naka miƙa kuɗi kawai.

In an gama duk wannan, an share, an goge, an turara, sai mataki mafi muhimmanci: ja ƙofar ka kulle, ka ba Hajiya makulli. Falo mai kyau ba a zama a cikinsa. Ana buɗe shi ranar Sallah ko Kirsimeti, ko ranar da aka zo neman auren 'yarka, ko in za a ɗauki hoton da za a tura wa 'yan uwa a Jidda. Sauran kwanakin shekara ka fitar da benci da tabarma gindin darbejiyar ƙofar gida, ka hura gawayi ka ɗora shayi. Baƙon da ya matsa sai ya ga falon, ɗaga masa labule ya leƙa ta taga, amma ka ce ya karkaɗe rigarsa tukuna.