Mutum Biyar da Fitila Ɗaya

Tun daga 1996 kowace ƙaramar motar da aka sayar a Amurka tana da kwamfutar da ke kai ƙarar injin da lamba, Turai kuma ta bi sahu a 2001. Waɗannan motocin ne suka tsufa suka cika titunan Kano da Kaduna da Maraɗi, kuma cikin lambobin da suka fi yawan tofarwa akwai P0401. Tana nufin hayaƙin da bawul ɗin EGR ke mayarwa cikin injin bai kai yadda ake so ba. Aikin wannan hayaƙi shi ne rage zafin ƙonewar mai, don kada injin ya riƙa haifar da iskar NOx mai cutar da huhu. Da fitilar gargaɗin injin da ke gaban direba ta kama, sai halin kowa ya fito.

Na farko shi ne Mai Salatif. Shi a wurinsa fitilar ce matsalar. Zai yanko baƙin salatif ya manna a kanta, ya ce alhamdulillahi, mota ta warke. In an yi masa magana ya ce ai tun daga Kwatano da fitilarta ta zo.

Ƙaninsa shi ne Mai Cire Kan Batir. Wannan ya ɗan yi ilimi, ya san in an cire kan batir na 'yan mintoci kwamfutar na mantawa. Abin da bai kula ba shi ne sai ta ga laifin a tafiya biyu a jere kafin ta sake kunna fitilar. Saboda haka yakan karɓi kuɗinsa yau, fitila ta dawo jibi, shi kuma ya rantse wata sabuwar cuta ce.

Sai Injiniya Mai Kwamfuta, sarkin tsabta a gareji, wanda baƙin mai bai taɓa taɓa rigarsa ba. Zai jona na'urarsa a ƙarƙashin sitiyari, ya karanta lambar, ya girgiza kai: "Alhaji, EGR ɗinka ya mutu." A tura yaro Ƙofar Ruwa ya sayo na Beljiyam, a ɗaura, fitila ta dawo. A sake sayo wani. Alhali lambar ba ta ce bawul ya mutu ba, cewa ta yi hayaƙi ba ya wucewa. A Honda Accord ta 1998 zuwa 2002, wadda ake kira Baby Boy, galibi baƙin tokar hayaƙi ne ke toshe ƙananan hanyoyin da ke cikin manifol. A Toyota Camry ta 1997 zuwa 2001 mai injin 2.2, sau da yawa ɗan makunnin iska ne da ake kira VSV, wanda aka ɓoye can bayan injin inda hannu ke shan wuya kafin ya kai. A tsofaffin Ford kuwa, sensar DPFE da tiyonta biyu su ne suka saba yin laifin. Injiniya bai san wannan ba, domin ba ya buɗe bonet.

Na huɗu, Mai Gwangwani, ɗan falsafa ne. "Wannan abin na Turawa ne, saboda sanyin ƙasarsu," in ji shi, yana yanka gwangwanin madara zai toshe hanyar. Babu ruwan EGR da sanyi, dokar hayaƙi ce ta kawo shi a farkon shekarun 1970. Gaskiya ne in bawul ya maƙale a buɗe, irin abin da P0402 ke nunawa, mota na kakkarwa a silo har ta mutu a danja, kuma gwangwani zai tsayar da kakkarwar. Amma injin fetur da aka hana wa hayaƙinsa yakan fara ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a kwano idan ya kama hawa da kaya. Mai Gwangwani zai ce man da aka sha ne ba kyau.

Na ƙarshe shi ne Baba Tsoho, mai gareji a gindin darbejiya. Ba ya sauri. In ya ji P0403 sai ya tura mai mota wurin mai wayarin, don laifin na waya ne ko soket. In P0401 ce, zai bar injin a silo, ya zuƙe iskar bawul da ɗan famfon hannu don ya buɗe. Idan injin ya shaƙe ya nemi mutuwa, bawul da hanya lafiya lau, sai ya bi tiyo ɗaya bayan ɗaya yana neman wanda ya tsage. Idan injin bai ko gezau ba, to bawul ya maƙale ko hanya ta toshe. Nan zai kwance, ya sa waya da burushi da ruwan wanke kafireto, ya kankare tokar, ya sa sabon gasket.

Da la'asar fitila ta mutu, Baba ya faɗi kuɗin aikinsa. Alhajin da ya biya bawul biyu a wurin Injiniya ba tare da tayi ba sai ya ɓata rai: "Haba Baba, ai ba ka canza komai ba, wanki kawai ka yi." Ya ba shi rabi, ya ce sauran sai ya gwada motar zuwa Zariya.