Sojan baka ya koma cikin waya

A da, mai son zama sojan baka a Kano sai ya nemi kuɗin mota ya je gidan rediyo, ya bi layi, a ba shi 'yan mintuna ya wanke maigidansa, ya yi wa abokin hamayya shaguɓe. Yanzu Allah ya kawo sauƙi. A kan katifa ake aikin, ko fuska ba a wanke ba. Waya mai caji kawai ake buƙata, sai datar wata guda da Honarabul ya turo. Ranar da datar ta yanke kuwa, ranar ɗan data zai gano cewa Honarabul bai taɓa gina ko kwalbati ba, sai ya wallafa cewa ya sauya sheƙa "saboda kishin talakawa".

Kowa dai ya yarda soshiyal midiya ta lalata siyasa da tarbiyya. Malam ya faɗa, ɗan boko ya faɗa, 'yan majalisar shayi sun faɗa. Duk a Facebook suka faɗa, kuma kowa ya dawo bayan awa ɗaya ya duba mutum nawa suka danna masa alamar so.

Gwamnati ma ba a bar ta a baya ba. Ranar 4 ga Yunin 2021, bayan Twitter ya goge wani saƙo na Shugaba Buhari, ma'aikatar yaɗa labarai ƙarƙashin Lai Mohammed ta sanar da dakatar da kamfanin a Najeriya. A ina ta sanar? A shafinta na Twitter. Kafin mako ya zagayo, mutanen da ba su taɓa wuce Zariya ba sun koyi VPN, waya na nuna suna zaune a Holan ko Jamus, alhali suna Fagge ana fama da rashin wuta. Ita kuma gwamnati ta kwashe kayanta ta tare a Koo, wata manhajar Indiya, inda ta yi ta magana babu mai amsa sallama. An janye haramcin ranar 13 ga Janairun 2022, kowa ya komo gida. Koo ɗin ya rufe a 2024.

Sai zauren WhatsApp na dangi, inda Kawu ke mulki. Shi ne mai yi wa yara faɗa kan yawan latsa waya, shi ne kuma mai turo murya ta minti tara da ƙarfe biyun dare, ƙarƙashinta an rubuta "na turo yadda aka turo min". Ta irin waɗannan zauruka labarin nan ya zaga ƙasa cewa Buhari ya rasu an kawo wani Jubril daga Sudan, har sai da shugaban, yana ƙasar Foland a Disambar 2018, ya fito ya tabbatar wa duniya cewa shi ne shi. Kawu ya ce zai ƙara bincike.

A zaɓen 2023 an yi yaƙi a waya kamar ƙasa za ta tsage, an yi ƙuri'ar jin ra'ayi, kowane ɓangare ya rantsar da ɗan takararsa tun kafin Fabrairu. Da ranar ta zo, rana ta yi zafi, layi ya yi tsawo, jarumai da dama suka zauna a gida suna bibiyar sakamako. Cikin mutum sama da miliyan 93 da suka yi rajista, kusan miliyan 25 ne suka fita, kimanin kashi 27 cikin ɗari, mafi ƙaranci a zaɓen shugaban ƙasa tun 1999.