Wace Takwas Kake Nufi?

A Gadarif ta Sudan, idan mutum ya tare ka ya ce takwas yake nema, kada ka yi saurin nuna masa hanya. Dube shi tukuna daga sama har ƙasa. In ka ga bandeji a goshinsa yana ɗingishi, Urnik 8 yake bi, takardar nan da 'yan sanda ke ba wanda aka ji wa rauni ya kai wa likita ya cike. In ƙafarsa duk busasshiyar laka ce, yana ta ɗaga kai sama kamar mai bin hadari bashi, manomi ne, AG-8 yake so, irin dawar nan Arfa Gadamak mai nuna da wuri. In kuwa ya sha farar jallabiya, turare na tashi, yana kaɗa makulli a yatsa, to zancen motar V8 ne a bakinsa, kuma ba dole ne yana da ita ba. Sau da yawa makullin kwaɗon shago ne.

Akwai takwas ta huɗu, ita gari ce sukutum. Ƙauye na 8, can wajen iyakar Habasha, yana cikin ƙauyukan da aka gina wa waɗanda madatsar ruwan Atbara da Setit ta tasa. Da yaƙin Tigray ya ɓarke a watan Nuwamban 2020, dubban 'yan gudun hijira suka sauka a can. Bawan Allah ya baro gidansa da gudu, dangi su bugo suna kuka su ce kana ina, ya ce ina 8. 'Yan'uwanmu na Najeriya ma ba a bar su a baya ba, suna da EC8A, takardar sakamakon rumfar zaɓe, wadda akan ce tana kwana ramammiya ta wayi gari ta yi ƙiba. Manyan ƙasashe kuma sun yi tasu G8, har 2014 da suka ce wa Rasha ta ɗan jira a waje, suka koma bakwai.

Abin da ke ba ni mamaki, mu fa jikokin masu saka suna ne. Kakanninmu da suka tako da ƙafa daga Sakkwato da Kano da Barno suna nufin Makka, inda duk suka yada zango sai sun bar wa wurin suna mai kai da ƙafa. Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu sunan Muhammadu Bello Mai Wurno ta ɗauka, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru da ya faɗi a Burmi a 1903. Ka ji sunan, ka ji hijirar gaba ɗaya. Sai ga aikin noman Rahad a Fau a ƙarshen shekarun 1970, injiniyoyi suka jera ƙauyuka suka bi su da lamba. Yanzu ɗan Ƙauye na 10 ya auro 'yar Ƙauye na 18, ka tausaya wa maroƙi. Me zai ce? Ɗan goma jikan goma, angon sha takwas? Ai wannan ba kirari ba ne, lissafin adashi ne. Da waɗannan injiniyoyi aka ba rubutun tarihinmu, da Hausa Bakwai ta zama H7, Banza Bakwai B7, Daura kuma H1, a rufe fayil.

Noma ne ya fi kowa shigo mana da wannan ɗabi'a. Tun da tarakta ta shiga Gadambaliya a tsakiyar shekarun 1940, gona ta koma hannun inji, shi kuwa inji ba ya tafiya sai da lamba a goshi. Je ka kasuwar amfanin gona ka saurara. Dattijon da bai taɓa zama a benci ba, amma ya san 2,4-D ke kashe ciyawa mai faɗin ganye ta bar dawa, ya san MF 290 daga jin kukanta. Ya san HD-1, dawar da Gebisa Ejeta ɗan Habasha ya samar a nan Sudan a 1983 ta hanyar haɗa iri biyu, aikin da ya kai shi ga lashe babbar kyautar abinci ta duniya a 2009. Jikansa ya ji ana HD, ya ce, "Kaka, inci nawa ce?" K2 kuma uku ce: a wurin manomi riɗi ne, Kenana-2, a wurin mai kemis bitamin, a wurin malamin makaranta dutse na biyu a tsawo a duniya, mita 8,611. Su ukun za su iya kwana suna musu a majalisa ɗaya, kowa da gaskiyarsa, mai shayi na cin riba.

Wata ma juya ta kawai ake yi. 3G da G3 harafi ɗaya, lamba ɗaya. Ta farko ke kawo maka saƙon manhajar banki ta Bankak, ta biyu, bindigar da ake kira jim talata, ita ke sa a aika saƙon ta'aziyya. Daga ɓarkewar yaƙi a Afrilun 2023 zuwa yau ko yaro ba ya rikita su. Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan.

To me ya sa muke son su haka? Saboda lamba tana rufe baki. Mai kemis ya ce maka, "Alhaji, ka riƙa cin nama da ƙwai da madara," sai ka ga ya raina maka hankali, wannan ai ko kakarka ta sani. Amma ya ɓata fuska ya ce B12 ɗinka ya yi ƙasa, sai ka gyaɗa kai, ka zaro kuɗi, ka koma gida kana shelanta wa maƙwabta cewa ciwonka na manya ne. Ba wanda zai tambaye ka ina B ɗin take a jiki, don kada a gane bai sani ba. Haka a ofis: ma'aikaci ya ce ina Urnik 15, sai jikinka ya yi sanyi, alhali rasit ne kawai na kuɗin da ka biya gwamnati. Da ya ce rasit, da ka tsaya ciniki.

Samari sun gano wannan sirri tun tuni. Ana ba da labarin wani da ya je gaisuwar surukai, kawun yarinya ya tambaye shi abin da ya mallaka. Ya sunkuyar da kai cikin ladabi ya ce, "Baba, ba yawa, 'yar A4 ce nake lallaɓawa da ita." Kawu ya taɓa jin Audi na da mota mai wannan suna. Bai tsaya tunanin yadda za ta ratsa baƙar lakar Gadarif da damina ba, ya ce a sa rana. Ranar ɗaukar amarya sai ga ango a raksha ta haya. Aka bincika, ashe shagon hoton takardu gare shi a bakin kasuwa. Dangi suka taso za su kai ƙara, liman ya ce a bar yaro, bai yi ƙarya ba: A4 ɗin tana nan, milimita 210 a 297, ƙirar Jamus ita ma, kuma ɗari biyar-biyar ce a kowane ƙunshi.