Ranar da sanyi ya ƙone ni a Burkusuma

Duk wanda ya taɓa yin bazara a ƙasar Gobir ya san Afirilu ba wata ba ne, hukunci ne. Zafi kan haura digiri 40 tun kafin azahar. Shi ya sa da Kawuna ya ƙara girman solar shagonsa na cajin waya a Burkusuma, ya kuma sayo AC ɗan Beljiyam daga Sakkwato, gari ya ɗauka. Mai haɗawar da aka nema ya ce sai an biya kuɗin aiki da na kasada, don hanyar Sabon Birni yanzu ba kowa ke binta ba. Nan ni, malamin tarihi, na ce a bar kuɗin nan a gida. Ai na gani a YouTube.

A ido aikin ba komai. Bututun tagulla ne biyu, siriri da mai kauri, daga na'urar ciki zuwa ta waje inda gas yake a kulle. Ana buɗa bakin kowanne ya yi kamar na kakaki, a zaunar da shi, a ɗaure da noti. Akwai ƙarfen da aka ƙera musamman don wannan buɗawar. Ni da tsinin filaya na yi. Notin kuwa sai da na dogara ƙafa a bango na murɗa, tunda a saninmu abin da ya ɗauru tamau ba ya yoyo. Ashe tagulla ba ta son jarumta, tsagewa take yi.

Kafin la'asar jama'a sun taru, wasu har da tabarmi. Na sa alanki na buɗe gas. Tssss! Farin hayaki ya yi tsiri. Sai na danne wurin da babban yatsa. Gas ɗin R410A ne, wanda idan ya kuɓuce cikin iska sanyinsa kan kai kusan digiri 50 ƙasa da sifili. Yatsa ya yi fari fat, ya sandare.

"Ɗana," in ji Kawu, "wanga huci shi as sanyin?"

"Gwaji ne, Kawu."

Wata tsohuwa ta ja jikanta baya, ta ce a yi ta addu'a, aljanin ciki ya hita.

Da mai aikin ya zo, kuɗinsa sun ƙaru. Ya dubi bakin bututun ya tambayi wanda ya tauna shi. Kawu ya nuna ni da leɓe. Mai aikin ya yanke, ya sake buɗawa sumul, ya ɗaure daidai wa daida. Bai taɓa gas ba tukuna. Iskar naitirojin ya fara ɗurawa, ya shafe kowace mahaɗa da kumfar sabulu yana jiran ƙwai ya taso, ido ɗaya a kan allurar geji. Sannan ya jona injin zuƙa ya tsotse iska da laimar da ke ciki, domin laima idan ta haɗu da man kwamfuresa, ajalinsa ne. Sai a ƙarshe ya auna gas a kan sikeli ya zuba. Duk wannan yana cikin bidiyon da na kalla, a daidai inda na riƙa tsallakewa don kada data ta ƙare.

Kuɗin gas daga albashina suka fita. Idan kun je Burkusuma kuka ji yara na kiran Injiniya Tsss, ni ne. Don Allah kada wanda ya kawo mini firij.